Darasin Sanin Ƙasa: Kawo, Ƙauyen Da Birnin Kaduna Ya Cim Ma

Duk wanda ya taso daga Kano, ko Katsina, ko Zariya zai shiga Kaduna a mota, Kawo ce za ta fara karɓarsa. In mota ta wuce Jaji, ta wuce Mararrabar Jos, ta wuce Rigacikun, sai gidaje su fara matsuwa, motoci su yi yawa, a hango wata babbar gadar sama a gaba. To, an iso Kawo ke nan. A nan yawancin baƙi suke sauka. A nan manomi yake sauke buhunansa, ɗan ci-rani ya fara taka ƙasar Kaduna, mai jinya kuma ya tambayi hanyar asibiti.

Mutane da yawa sun san tashar Kawo da kasuwarta, amma ba su san labarin wurin ba. Darasin wannan wata zai yi bayanin inda Kawo take, da irin mutanen da ke zaune a cikinta da kewayenta, da abubuwan da baƙo zai gani in ya je. Akwai kuma abin da ya shafi manomi kai tsaye. Kawo a da ƙauye ce mai gonaki, birni ya zo ya same ta. Abin da ya faru gare ta yana nan tafe ga ƙauyuka da yawa da ke bakin manyan garuruwa.

Inda Kawo take

Kogin Kaduna ya raba birnin gida biyu, arewa da kudu. Wannan kogi daga tsaunukan Jos ya taso. Yana tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Kwara a ƙasar Nufe. Kawo tana can ƙarshen ɓangaren arewa, a bakin hanyar Zariya. Daga nan zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne.

Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23. Birnin Kaduna shi kaɗai ya bazu a cikin huɗu daga cikinsu, wato Kaduna ta Arewa, da Kaduna ta Kudu, da Igabi, da Cikun. Kawo tana cikin Kaduna ta Arewa, wadda hedkwatarta ke Doka, a ofishin da ake kira Magajin Gari. Maƙwabtanta na kusa su ne Hayin Banki, da Unguwar Dosa, da Unguwar Kanawa, da Rafin Guza. In an ƙara gaba cikin gari sai Badarawa, da Malali, da Unguwar Sarki, da Unguwar Shanu, da Unguwar Rimi. Mando da Rigacikun kuwa, ko da yake sun manne da Kawo, a ƙarƙashin Igabi suke. A sarautar gargajiya duk waɗannan wurare suna cikin masarautar Zazzau.

Kada sunan ƙaramar hukuma ya ruɗi mai karatu. Ba dukan Kaduna ta Kudu ce ke kudu da kogi ba. Tudun Wada, da Tudun Nufawa, da Kurmin Mashi duk a arewa da kogi suke, amma a takarda suna cikin Kaduna ta Kudu. Wanda zai nemi takardar shaida ko wani aiki na ofis, sai ya fara tambayar ƙaramar hukumar da unguwarsa take, don kada ya yi asarar kuɗin mota.

Abin da sunaye ke faɗi

Kawo sunan itace ne. Babbar bishiya ce mai ƙwarin katako, makiyaya kuma suna sassabo ganyenta su ba shanu da rani. A rubuce, sunan ya yi daidai da "kawo" na "kawo ruwa", amma a baki muryarsu ta bambanta. Haka Hausa take. Ai "gari" na zama da "gari" na tuwo ma rubutunsu ɗaya ne, ma'anar jimla ce ke raba su. Doka ma itace ce, haka rimi na Unguwar Rimi. Ga kuma Kurmin Mashi. Waɗannan sunaye suna nuna cewa inda ake ganin benaye da kwalta a yau, daji ne mai itatuwa.

Waɗansu sunayen kuma suna nuna waɗanda suka zo suka zauna. Unguwar Kanawa ta mutanen Kano ce, Tudun Nufawa ta Nufawa, Unguwar Shanu kuwa sunanta ya faɗi sana'ar da aka san ta da ita. A cikin Kawo kanta akwai Unguwar Gwari. Ita Kaduna, Hausawa sun ce daga "kada" sunan ya fito, saboda kadojin da ke cikin kogin, shi ya sa ake yi mata kirari da garin kada. Gbagyi kuwa suna cewa daga kalmarsu ta kogi aka samo shi. A lura, mutanen da Hausawa ke kira Gwari, sunan da suke kiran kansu da shi, kuma suka fi so a kira su da shi, shi ne Gbagyi.

Wani abu kuma ga mai koyon karatu. A kan alluna na gefen hanya zai ga an rubuta Rigachikun da Chikun. Wannan rubutun Turanci ne. Abin da Turanci ke rubutawa da "ch", Hausa da "c" kaɗai take rubuta shi.

Yadda aka kafa Kaduna

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Kano, ko Katsina, ko Zariya. Ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofofi. Kafin zuwan Turawa, ƙananan ƙauyukan Gbagyi ne a warwatse a gefen kogin, suna noman doya da dawa, suna kamun kifi. Akwai kuma Fulani makiyaya da Hausawa manoma da fatake, duk a cikin ƙasar Zazzau.

A 1900 Turawan Ingila suka yi shelar mulkinsu a kan Arewa, a ƙarƙashin Gwamna Lugga. A 1902 suka kafa hedkwata a Zungeru, wadda ita ma a bakin Kogin Kaduna take, can ƙasa. Zungeru ba ta yi musu daɗi ba, ga zafi ga sauro, ga nisa da manyan masarautu. Ana nan sai hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta wannan daji, ta kai Kano a 1911. Da Lugga ya komo Nijeriya a 1912, sai ya zaɓi wurin da reluwe ya ƙetare kogin. Dalilansa a fili suke. Akwai ruwa rani da damina, akwai jirgi, akwai fili, kuma wurin ba fadar wani sarki ba ce, balle a ce an fifita wata masarauta a kan wata.

Soja aka fara kawowa a 1913. A 1917 aka kwaso ofisoshin gwamnati daga Zungeru, Kaduna ta zama babban birnin Arewa. Shi ya sa har yau ake ce mata garin gwamna. Turawa suka tsara garin kashi-kashi: unguwarsu daban mai manyan filaye da itatuwa, barikin soja daban, wurin ma'aikata da 'yan kasuwa daban. Titunan tsakiyar gari aka ba su sunayen garuruwa da ƙabilu. Akwai titin Kano, da na Katsina, da na Jos, da na Legas, da na Ibadan, da na Abekuta. Wanda ya iya karatu, in ya bi allunan nan yana karantawa, zai gane cewa tun farko Kaduna garin kowa da kowa ce.

A lokacin nan duka Kawo tana waje. Tsakaninta da gari akwai gonaki da daji. A 1956 aka ware Kaduna da ƙauyukan da ke kewaye da ita daga ƙarƙashin En'en Zariya, aka ba ta hukuma tata. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har zuwa 15 ga Janairu, 1966, ranar da sojoji masu juyin mulki suka kashe shi a gidansa. A zamaninsa garin ya bunƙasa ƙwarai. Masaƙa ta farko ta fara aiki a Kakuri a 1957, gidan rediyo da talabijin na Arewa ya buɗe a 1962, makarantar horon hafsoshin soja da ake kira NDA ta kafu a 1964, kusa da Kawo.

A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, Kaduna ta zama hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976 aka sauya sunan zuwa Jihar Kaduna. A 1987 aka cire Jihar Katsina daga cikinta. Mulkin Arewa baki ɗaya ya bar Kaduna, amma mutane ba su daina zuwa ba. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar mai a 1980. Masana'antun a kudu da kogi suke, ofisoshi da barikoki a arewa. Ƙananan ma'aikata, da sojojin da suka yi ritaya, da direbobi, da masu sana'ar hannu ba su da kuɗin haya a tsakiyar gari. Sai suka nufi bakin gari, inda fili ke da araha. Da haka gidaje suka yi ta cin gonaki, har Kawo ta haɗe da Kaduna. Da ita ma ta cika, aka yanka sabuwar unguwa a bayanta, aka ci gaba.

Mutum nawa ne?

Ƙidayar 1963 ta samu kusan mutum 150,000 a dukan garin Kaduna. Ƙidayar 2006 kuwa ta samu sama da mutum 350,000 a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa kaɗai. Wato kashi ɗaya cikin huɗu na birnin ya ninka dukan garin na da fiye da sau biyu, cikin shekara 43. Jihar baki ɗaya an samu sama da mutum miliyan 6.

Ga ɗan lissafi don a gane cunkoson. Faɗin Kaduna ta Arewa kimanin murabba'in kilomita 70 ne. Murabba'in kilomita ɗaya hekta 100 ne, hekta ɗaya kuma kusan eka biyu da rabi ce. Ke nan ƙaramar hukumar tana da hekta 7,000. In aka raba mutum 350,000 a kan hekta 7,000, kowace hekta za ta samu mutum 50. Manomi ya dubi gonarsa mai hekta ɗaya, ya ƙiyasta mutum 50 suna kwana suna tashi a cikinta. Kuma a cikin lissafin nan har da barikoki, da filin sukuwa, da tituna, da unguwar manya inda gida ɗaya ke cin fili mai yawa. Saboda haka cunkoson Kawo, da Hayin Banki, da Unguwar Shanu ya wuce haka nesa. A jihar baki ɗaya kuwa, in an yi irin wannan rabo, abin da hekta za ta samu bai kai mutum biyu ba.

Wannan lissafi na 2006 ne. An shirya wata ƙidaya a 2023, aka ɗaga ta. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar 2006 yanzu sun zama samari da 'yan mata, waɗansu har sun yi aure. Ƙidaya ba wasa ba ce, domin da ita gwamnati ke auna yawan azuzuwa, da gadajen asibiti, da ruwan famfo da kowane wuri ke bukata. Wanda ya ɓuya ranar ƙidaya, ko ya ɓoye 'ya'yansa, rabon unguwarsa ya rage.

Su wane ne mazauna? Hausa ce harshen kasuwa da na titi. Hausawa da Fulani su ne suka fi yawa a Kawo da kewayenta. Akwai Gbagyi masu asalin wurin, akwai Nufawa, da Barebari, da Yarbawa, da Ibo, da mutanen kudancin jihar irin su Bajju, da Atyap, da Ham, da Adara. Barikin soja kuwa babu ƙabilar Nijeriya da ba za a samu a ciki ba. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba. Don haka duk wanda ya zo da lamba ya ce ga yawan Musulmi ko ga yawan Kirista a wata unguwa, ƙiyasi yake yi.

Yadda kogi ya zama iyaka

Tsofaffin mazauna Kaduna sun san lokacin da gidan haya ɗaya ke ɗauke da Musulmi da Kirista, ana aika wa juna abincin Salla da na Kirsimeti. Wannan zama ya samu babban rauni a watan Fabrairu na 2000, lokacin rikicin da ya tashi a kan batun shari'a. Sama da mutum 1,000 suka rasa rayukansu, aka ƙona gidaje, da shaguna, da masallatai, da coci-coci. A watan Nuwamba na 2002 wani rikicin ya sake tashi, sama da mutum 200 suka mutu. Aka kuma yin wani bayan zaɓen 2011.

Bayan haka sai tsoro ya sa mutane ƙaura. Kiristoci da yawa suka bar unguwannin arewa suka koma kudu da kogi, wajen Sabon Tasha, da Narayi, da Television. Musulmi da yawa suka bar can suka dawo Kawo, da Rigasa, da Tudun Wada. Waɗansu musayar gida suka yi, waɗansu suka sayar a wulaƙance. Wannan yana cikin dalilan da suka ƙara wa Kawo cunkoso. Asarar ba ta gidaje kaɗai ba ce. Yaro yakan tashi ya girma bai taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma irin wannan yaro ya fi saurin yarda da jita-jita.

Duk da haka rabuwar ba ta kai ko'ina ba. Kasuwa, da asibiti, da ofis, da bariki suna haɗa kowa kullum. Akwai kuma waɗanda suka tsaya a kan sulhu. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna, sun kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna a 1995, aikinsu kuma ya kai har ƙasashen waje.

Kasuwa, tasha da gada

Ranar Talata kasuwar Kawo take ci. Wannan ita ce babbar alamar ƙauye da ta rage mata, domin kasuwar birni kullum take ci, ta ƙauye ce ke da rana. Tun da sassafe motoci ke shigowa daga ƙauyukan Igabi da na gaba da su, ɗauke da masara, da dawa, da wake, da doya, da tumatir, da tattasai, da kaji, da awaki. Matan birni suna zuwa sayen kayan miya da hatsi don sun fi sauƙi. 'Yan gwanjo, da masu tsofaffin kayan gida, da maƙera, da 'yan koli duk suna baje kolinsu. A ranar nan tafiya a bakin titi sai da haƙuri.

Manomin da ya iya karatu da lissafi ya fi cin moriyar wannan kasuwa. Zai rubuta yawan buhunan da ya ɗora, da kuɗin mota, da na 'yan dako, da la'adar dillali, ya cire su daga abin da ya sayar, ya san ribarsa ta gaskiya. In an ba shi rasit zai duba ya ga ko abin da aka karɓa shi aka rubuta.

Tashar Kawo ita ce babbar tashar masu zuwa arewa. Daga nan ake samun motocin Zariya, da Kano, da Katsina, da Sakkwato, da sauran garuruwa. A kan kowace mota akwai allo mai sunan garin da za ta. Ya fi kyau matafiyi ya shiga cikin tasha ya hau motar da ke kan layi, maimakon ya tsaya a bakin titi ya faɗa motar da bai san mai ita ba. Masu tafiya Abuja a jirgin ƙasa kuwa sai su nufi Rigasa, inda jirgin ya fara jigila a 2016.

A gadar Kawo manyan hanyoyi suka haɗu. Ɗaya ta yi arewa zuwa Zariya. Ɗaya ta yi yamma ta Mando, inda ake rabuwa zuwa filin jirgin sama, da Birnin Gwari, da hanyar da ke zagaye gari. Ɗaya kuma ita ce titin Ali Akilu, mai shiga tsakiyar birni. Tsohuwar gadar ta yi wa motoci kaɗan, sai gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta rushe ta, ta gina sabuwa mai faɗi da shatale-tale uku a ƙarƙashinta. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe ta a watan Janairu na 2022. A wannan yanki ne aka tayar da bam a kan ayarin motocinsa ranar 23 ga Yuli, 2014, cikin watan azumi, kafin ya zama shugaban farar hula. Shi ya tsira, amma talakawa masu neman abinci a bakin hanya da dama sun rasu.

Abubuwan gani

A cikin Kawo akwai babban asibitin gwamnati, da ofishin hukumar jarrabawa ta WAEC, da hedkwatar Runduna ta Ɗaya ta sojan ƙasa a barikin Dalet. Tsohon mazaunin NDA yana nan kusa, sabon kuma yana Afaka. Bariki ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Ba a ɗaukar hoto a ƙofarsa, ba a tsayawa ba dalili. A hanyar Zariya akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, wadda aka kafa a 1976 don horar da malaman firamare daga nesa. Kusa da ita akwai filin baje koli na duniya, inda ake taruwa shekara-shekara. Manomi zai ƙaru a can, domin ana nuna injinan ban-ruwa, da na casa, da na niƙa, da irin shuka. Ta wajen Mando kuma akwai babban asibitin ido na ƙasa.

In aka bi titin Ali Akilu zuwa cikin gari, za a iske Gidan Kayan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC. A ciki akwai mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka tono a kudancin jihar, masu shekara fiye da 2,000. Akwai kayan yaƙi, da na kiɗa, da na saƙa na da. A Unguwar Sarki akwai Masallacin Sultan Bello, inda marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya daɗe yana karatu da tafsiri har rasuwarsa a 1992.

Wurin da ya fi cancanta a ɓata lokaci a cikinsa shi ne Gidan Arewa, a titin Rabah. Nan ne gidan Sardauna, nan aka kashe shi. A 1970 aka mai da shi cibiyar binciken tarihi, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ce ke kula da shi. An adana hotuna, da takardun mulki, da littattafan Larabci da na Ajami da malaman da suka rubuta da hannu, da waɗansu kayan da Sardauna ya yi amfani da su. Makarantu suna kai ɗalibai. Ajin yaƙi da jahilci ma zai iya haɗa kuɗin mota ya je, kowa ya karanta bayanin da ke ƙarƙashin hotuna da kansa.

Gaba kaɗan ga zauren Lugga mai ƙubba, inda majalisar dokoki da ta sarakunan Arewa suka zauna a da, yanzu kuma Majalisar Dokokin Jihar Kaduna. Kusa da shi ga Dandalin Murtala, tsohon filin sukuwa, inda aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956. A bakin kogi kuma, a lambun shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina da aka fi sani da Gamji, akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan.

Da gona ta zama fuloti

Yawancin gidajen Kawo a kan gonakin wasu aka gina su. In birni ya matso, abin da ke faruwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Dillalai za su zo da kuɗin da manomi bai taɓa riƙe irinsu ba. Ya sayar da gona ɗungurungum. Wanda ya saya ya yanka ta fuloti-fuloti, ya sayar da kowane ɗaya a kan kuɗi mai tsoka. Bayan 'yan shekaru kuɗin manomi sun ƙare a biki da babur, 'ya'yansa kuma suna haya a kan ƙasar kakansu. Wannan hanya yanzu ta wuce Kawo, ta kai Rigacikun, tana bin titin Zariya.

Akwai doka a kan ƙasa, kuma ya kamata kowa ya san ta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna, a matsayin amana. A cikin birni gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya. In gwamnati ta karɓi fili don hanya ko makaranta, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin gona da itatuwan da ke kai. A Jihar Kaduna hukumar da ke rajistar filaye ita ce KADGIS, wadda aka kafa a 2015, ofishinta kuma yana kan titin Ali Akilu. Lokacin da aka faɗaɗa titunan Kaduna daga 2019, an rushe gine-gine da yawa, kuma mai takarda ya fi mara ita bakin magana.

Saboda haka, kafin mutum ya dangwala yatsa ko ya sa hannu a takardar ciniki, ya karanta ta da kansa, ko ya sa wanda ya amince da shi ya karanta masa a gaban shaidu. A rubuta tsawo da faɗin filin, da maƙwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa, da kuɗin da aka biya. In gonar gado ce, sai dukan magada sun yarda, har da mata. In sayarwar ta zama dole, ba lalle ne a sayar duka ba, ana iya yanka wani sashe a bar wa yara.

Mai saye shi ma ya yi hattara da fili mai araha a bakin ruwa. Kogin Kaduna ya yi ambaliya a 2003 da 2012, ya shiga gidajen da aka gina a kan hanyarsa, kuma Rafin Guza tana cikin wuraren da ruwa ya saba yi wa ɓarna. Fadamar da ta dace da rake da kayan lambu ba ta dace da ɗakin kwana ba. Wanda zai sayi fili ya je ya gan shi a watan Agusta ko Satumba, lokacin da ruwa ya kai iyakarsa.

Tambayoyi don aji

1. A wace shekara Kaduna ta zama babban birnin Arewa, kuma daga wane gari aka kwaso ofisoshin?
2. Wace rana kasuwar Kawo take ci?
3. In ƙauye yana da hekta 200 da mutum 600, mutum nawa kowace hekta za ta samu?
4. Kowane ɗalibi ya tambayi dattawan garinsu asalin sunan garin, ya rubuta amsar cikin jimla biyar, ya kawo wa malami mako mai zuwa.